Yadda Ake Haɗa Wuƙa Da Garkuwar Jiki Wajen Yaƙar Dajin Mafitsara

Ina godiya ga malamanmu masu kula da wannan mujalla da suka ba ni fili. Na san wasu 'yan ajinmu za su yi dariya idan suka ga na ɗauki alƙalami ina maganar fitsari a gaban iyayenmu. To, a yi mini haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɓoyon wannan magana shi ne ya kusa raba mu da kawuna, shi ya sa na ƙudura ba zan yi shiru ba.

Abin da ya sami Kawu

Da aka ba mu dogon hutu bara, na isa gida na tarar Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya rame har na kusa kasa gane shi. Manomin fadama ne, ƙaƙƙarfan mutum wanda yakan saɓa buhun shinkafa shi kaɗai. Sai dai ya shekara fiye da talatin yana shan taba sigari. Ashe ya fi shekara guda yana ganin jini a fitsarinsa bai faɗa wa kowa ba. Jinin ba ya zuwa da zafi, yakan zo kwana biyu ya ɗauke, don haka ya ɗauka tsargiyar ƙuruciya ce ta dawo. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya sha kafso na kemis, har wani dare gudan jini ya toshe masa hanya, fitsari ya ƙi fita.

Daga asibitin garinmu aka tura shi wani babban asibitin koyarwa. Ni aka haɗa shi da ni, domin ni ne ɗan boko, in riƙe masa kati in karanta takardu. A can aka zura masa wani siririn bututu mai fitila ta hanyar fitsari aka leƙa cikin mafitsara, aka gutsuro nama aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito, likita ya zaunar da mu ya ce, "Baba, ciwon daji ne, kuma ya riga ya kama tsokar mafitsara." Kawu ya yi salati, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ban fahimci abin da ya kawo maganar tsoka ba. Tun daga ranar na shiga tambayar likitan, da malaminmu na Kimiyyar Halittu, da littattafan laburare. Abin da na tsinta shi ne zan shimfiɗa muku.

Mafitsara da hanyoyinta

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, su ne ke tace jini su fitar da fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke gangarowa zuwa mafitsara. Ita mafitsara kamar salka take, tana iya riƙe wajen rabin lita kafin mutum ya matsu. Bangonta hawa-hawa ne: daga ciki akwai wata shimfiɗa mai laushi wadda fitsari ke taɓawa, a bayanta akwai tsoka mai matsewa ta turo fitsari waje, sa'an nan kitse. Irin shimfiɗar nan ce ta lulluɓe cikin bututun biyu har zuwa cikin ƙoda. Saboda haka daji iri ɗaya yana iya tsira a kowane wuri a wannan hanya.

Ciwon daji yana farawa ne idan wasu ƙwayoyin halitta na jikin mutum suka kangare, suka yi ta hayayyafa ba tsayawa. A shekarar 2022 an ƙiyasta mutum fiye da 600,000 ne suka kamu da dajin mafitsara a duniya, fiye da 200,000 kuma suka rasu. Ya fi kama maza da dattawa. Babban abin da ke jawo shi a duniya shi ne taba sigari, domin gubar hayaƙin tana shiga jini, ƙoda ta tace ta, ta je ta kwanta a mafitsara sa'o'i da yawa tana cin shimfiɗar nan.

Mu a ƙasarmu akwai dalili na biyu, watau tsargiya. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz shi ne ya gano tsutsar da ke kawo ta a birnin Alƙahira a 1851. Tsutsar tana rayuwa a jikin katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai aikin fadama, ta je ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Idan aka shekara da shekaru ba magani, miki yana iya rikiɗa ya zama daji.

Aikin wuƙa da iyakarta

Yanzu ga amsar tambayata game da tsoka. Muddin daji yana kan shimfiɗar ciki kawai, likita yana iya kankare shi ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba, mutum ya tafi gida da mafitsararsa. Amma idan ya nutsa cikin tsoka, ya isa inda jijiyoyin jini suke, daga nan kuwa hanya ta buɗe masa zuwa kaluluwa, da huhu, da hanta, da ƙashi. A wannan hali mafi yawan lokaci sai an cire mafitsarar ɗungum tare da kaluluwar da ke kewaye da ita. Sai likita ya yanki ɗan guntun hanji ya haɗa shi da bututun ƙoda biyu, ya fito da bakinsa ta fatar ciki, fitsari ya riƙa zuba a wata jaka da ake mannawa. Wasu kuma akan ɗinka musu sabuwar mafitsara da hanjin. Idan a ƙoda ko bututunta dajin yake, sai a cire ƙodar da bututun gaba ɗaya, ɗayar ta ci gaba da aiki.

Wanda ya ji wannan zai ce ai magana ta ƙare, tun da an cire tushen cuta. Ina! Kusan rabin waɗanda dajinsu ya shiga tsoka yakan dawo musu bayan aiki, galibi cikin shekara biyu ko uku. Duk ɗan manomi zai gane dalili idan ya tuna da ƙuduji a gonar dawa. Kana iya tuge shi kaf, ka tara ka ƙone, gona ta yi fes. Amma irinsa ƙanana ne kamar ƙura, sun riga sun zube cikin ƙasa, baɗi sai ka ga ya sake fitowa. Haka ƙwayoyin daji suke. Tun kafin ranar aiki wasu sun ɓalle sun bi jini sun ɓuya, hoton asibiti ba ya ganinsu, wuƙa kuwa ba ta yanka abin da ido bai gani ba.

Don haka aka daɗe ana ba marasa lafiya maganin da ake kira kemo kafin aiki, musamman wani mai suna cisplatin. Yana taimakawa, amma guba ce mai kashe duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, mai kyau da mummuna. Kuma sai ƙodar mutum tana da ƙarfi zai iya ɗaukarsa, alhali da yawa daga cikin masu wannan cuta ƙodarsu ta riga ta raunana. Shi ya sa masana suka juya ga garkuwar jiki.

Dakarun da ke cikin jini

A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu gadi ne. Suna zagaya jiki dare da rana, duk baƙon da suka gani su far masa. Tunanin a tura su yaƙar daji ba sabo ba ne. A 1891 wani likita a birnin New York na Amurka, William Coley, ya fara yi wa masu daji allurar ƙwayoyin cuta da gangan don jiki ya fusata, kuma a wasu ƙarin ya narke. Sai dai a zamaninsa ba a san yadda abin ke aiki ba.

Yanzu ina roƙon kowa ya duba damtsensa. Ɗan tabon nan da yawancinmu muke da shi na allurar BCG ne, rigakafin tarin fuka da Faransawa biyu, Calmette da Guérin, suka haɗa, aka fara amfani da shi a 1921. A 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya ba da rahoton cewa ya ɗura wannan magani cikin mafitsarar masu daji, sau ɗaya a mako har mako shida, sai dajin ya rage dawowa. Dakarun jiki ne suka rugo don su yaƙi baƙon da aka ɗura, suka haɗa da ƙwayoyin dajin da suka tarar. Har yau ana yin haka bayan an kankare dajin da bai shiga tsoka ba. Ke nan mafitsara tana cikin wuraren farko da aka haɗa wuƙa da garkuwa aka ga amfani. Amma BCG ba ya isa ga dajin da ya yi zurfi.

To, me ya hana dakarun su kashe dajin da kansu? Allah ya yi musu linzami, domin in ba linzami za su far wa jikin mai su. Wani masani ɗan Japan, Tasuku Honjo, ya gano ɗaya daga cikin linzaman a 1992, aka sa masa suna PD-1. Wani Ba'amurke, James Allison, ya yi aiki a kan wani linzamin dabam. Daga baya aka gane cewa ƙwayar daji tana da wayo: takan fito da wata alama a jikinta, da dakare ya matso sai alamar ta ja linzaminsa, ya tsaya cik ya wuce kamar bai ga kome ba. Sai aka haɗa magunguna masu shiga tsakanin alamar da linzamin, su hana ta kama shi. Su magungunan ba sa kashe daji, suna dai sakar wa dakarun mara ne su yi aikinsu. Saboda wannan bincike aka ba mutanen nan biyu lambar yabo ta Nobel a 2018.

Haɗa hannu biyu

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wuƙa tana iya ɗauke babban ƙari wanda ya fi ƙarfin dakaru. Dakaru kuwa suna iya bin lungu-lungu su tsinto irin da ya zube, inda wuƙa ba ta kaiwa. Tambayar ita ce, wa zai fara?

Hanya ta farko ita ce a yi aiki tukuna. An gwada wannan a kan mutum 709 a ƙasashe da yawa, waɗanda aka cire wa mafitsara, ko ƙoda da bututunta, kuma ake tsoron dajinsu zai dawo. Rabinsu aka riƙa yi musu ƙarin ruwa da wani magani mai suna nivolumab duk mako biyu har shekara guda, rabi kuma ruwan da ba magani a ciki. Sakamakon ya fito a 2021. Waɗanda ba su sami maganin ba, kafin wata 11 rabinsu cutar ta dawo musu ko sun rasu. Waɗanda suka samu kuwa, sai da aka kai kusan wata 21 kafin a kai wannan adadi. A shekarar hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi.

Hanya ta biyu ita ce a fara tun ƙarin yana nan. Hikimar da likitoci suka hango ita ce ta mafarauci da karensa: kafin ka saki kare sai ka shinshina masa warin abin da zai bi. Idan aka kwance wa dakaru linzami ƙarin yana jiki, za su san kamanninsa da kyau, bayan an cire shi kuma su ci gaba da farautar 'ya'yansa. An gwada wannan a kan mutum 1,063. Dukansu an ba su kemo sau huɗu sa'an nan aka shirya musu aiki. Amma rabinsu an haɗa musu da wani magani, durvalumab, sau huɗu kafin aiki, sau takwas bayansa. A 2024 aka bayyana cewa bayan shekara biyu, 82 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa maganin suna raye, a ɗaya rukunin kuwa 75 cikin 100. Wani zai ce bakwai kawai? To, a tara magidanta ɗari a ce bakwai daga cikinsu za su koma ga iyalinsu, sai a tambayi iyalan ko bakwai kaɗan ne. A watan Maris na 2025 aka amince da wannan hanya a Amurka.

Akwai kuma waɗanda dajinsu ya riga ya bazu har wuƙa ba ta da abin yi. Ga irinsu an gwada haɗa pembrolizumab, wanda shi ma mai kwance linzami ne, da enfortumab vedotin, wani magani da ke neman ƙwayar daji ya manne mata ya zuba mata guba. A gwajin mutum 886 da aka bayyana a 2023, rabin masu shan kemo sun wuce wata 16 a raye, rabin masu sabon haɗin kuwa sun wuce wata 31. A 2025 kuma aka nuna haɗin yana da amfani idan an ba da shi kafin aiki da bayansa ga waɗanda ba za su iya ɗaukar cisplatin ba.

Kada mu ruɗi kanmu

Malaminmu ya ja mini kunne cewa ɗalibin kimiyya ba ya faɗin rabin gaskiya, don haka ga sauran. Na ɗaya, ba kowa maganin ke yi wa aiki ba, kuma ba kowane gwaji ne ya ci nasara ba. An gwada wani ɗan'uwansu, atezolizumab, bayan aiki a kan mutum fiye da 800, aka bayyana a 2020 cewa bai kawo bambancin da ake nema ba. Na biyu, dakaren da aka kwance wa linzami yana iya juyowa kan mai gida. Wasu sukan sami ƙuraje, ko gudawa mai tsanani, ko kumburin huhu ko hanta, har akan rasa rai, shi ya sa tilas a yi shi a ƙarƙashin idon ƙwararru. Na uku, gwaje-gwajen nan an yi su ne a kan irin dajin da ya fi yawa a Turai da Amurka, wanda taba ke yawan jawowa. Dajin da tsargiya ta fi haifarwa wani iri ne dabam, kuma har yanzu wuƙa ce babban makaminsa. Na huɗu shi ne tsada, kuma a nan labarin ya dawo gidanmu.

Shawarar Kawu

Dajin Kawu irin na masu taba ne. Ya sha kemo lokacin muna zangon farko, aka yi masa aiki dab da hutun Disamba. Da aka auna abin da aka cire, sai aka tarar dajin ya taɓa kaluluwa guda. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce akwai tsoron ya dawo, akwai kuma maganin da ke rage wannan tsoro, sai dai daga waje ake kawo shi. Da ya faɗi kuɗinsa na shekara guda, mahaifina ya cire hula ya riƙe a hannu. Kemo da aikin sun riga sun cinye shanun huɗa biyu da babur. Abin da ya rage sai gonar fadama.

Daren nan aka taru a zauren gidanmu. Mahaifiyata daga bayan ƙofa tana kuka tana cewa a sayar, rai ya fi gona. Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗan boko, zo nan. Kai ka ji Turancinsu. In an sayar an yi mini allurar, tabbas na warke?" Na so in ce i, bakina ya ƙi. Na ce, "Kawu, likita ya ce yana ƙara sa rai ne, amma bai ce tabbas ba." Ya yi shiru can, sa'an nan ya ce, "To, ba zan sayar da tabbas ɗin 'ya'yana in sayi wataƙila ba. A bar musu gonarsu." Har yau ina tambayar kaina ko amsar da na ba shi ce ta hana shi magani, amma na san da na yi masa ƙarya da abin ya fi damuna.

Yanzu yana nan da jakarsa a ƙarƙashin riga, ya bar taba, yana zuwa awo duk wata uku. Awon da ya wuce ba a ga kome ba, alhamdu lillahi. Na gaba yana tafe, muna roƙon addu'arku.

Kira ga 'yan'uwana da iyayenmu

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda likitan ya faɗa muna fita. Ya ce da Kawu ya zo watan da ya fara ganin jini, mai yiwuwa da kankarewa da ɗurin BCG sun wadatar, da ba a kai ga cire mafitsara ko maganar sayar da gona ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni ma ina da laifi irin nasa. Tun ina shekara goma nake ganin ɗigon ja a ƙarshen fitsarina, saboda wanka a kududdufin bayan gari. Mu yara har alfahari muke yi da shi, wai alamar zama namiji ce. Da muka dawo makaranta wannan zango na cire kunya na je ɗakin shan magani na faɗa. Aka auna, aka ce tsargiya ce, aka ba ni ƙwayoyin praziquantel na shanye a rana ɗaya. Na san a ɗakunan kwananmu akwai masu irin wannan matsala da suka yi shiru. Ku je a duba ku. Masu laɓewa bayan katanga suna zuƙar taba kuma, ku tuna inda hayaƙin ke zuwa ya kwanta.

Ku kuma iyayenmu, don Allah duk wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, ko ya ɗauke da kansa, ya je asibiti a duba. Muna kuma fata hukuma za ta dubi yadda irin waɗannan magunguna za su kai ga talaka, a kuma yi bincike a kan irin dajin da ya fi damun mutanenmu. Masu binciken nan da na ambata duk sun taɓa zama a aji kamar yadda muke zaune, don haka ban ga abin da zai hana wani daga cikinmu ya ɗauki wannan aiki ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.